Ƙarnin ƙwai a motar Kano zuwa Abuja: amsa ga wata ƙanwata

Wata baiwar Allah ta aiko mini da tambaya. Tana aiki a Abuja, maigidanta yana Kano, don haka kusan duk bayan mako biyu tana kan hanya a bas mai cin mutum 18. Tana da ƙaramin ciki, laulayi ya sa ta a gaba. A tafiyarta ta ƙarshe, da aka tsaya shan mai a Zariya, mutumin da ke kujerar gabanta ya sayi dafaffen ƙwai uku da yaji ta taga, mota na tashi ya hau ɓarewa. Ta roƙe shi ya dakata, ya ce da kuɗinsa ya saya, kuma ai har bismillah ya yi wa kowa. Kafin a kai Jaji ta yi amai a leda. Fasinjoji suka rabu biyu, wasu na cewa ba shi da kara, wasu na cewa wanda ba ya son takura ya ɗauki shata. Tambayarta ita ce: ita ce ta gaza haƙuri ko shi ne ya yi ba daidai ba? Kuma tunda ita ma ba ta iya yin awa shida ba ta sa komai a baki ba, me za ta ci wanda ba zai dami wani ba?

Ƙanwata, sannu da jiki, Allah ya raba lafiya. Na haura shekara 20 ina aikin jinya, mafi yawa a ɗakin masu juna biyu da na waɗanda aka yi wa tiyata, kuma wannan hanyar na bi ta ban san iyaka ba. Ba ki yi laifi ba da kika yi magana. Shi ne ya kamata ya mayar da ƙwansa leda ya jira a tsaya. Amma ban ɗauke shi mugu ba, kuma ina so ke ma ki daina kallonsa haka, domin abin da ya ruɗe shi tarbiyya ce mai kyau da ya ɗauko ya kai ta inda ba ta isa ba.

Tun muna yara aka koya mana cewa abin kunya a wajen cin abinci shi ne rowa. Idan ka buɗe kwano a gaban mutane ka ce bismillah, su kuma su ce alhamdulillahi, ka sauke nauyi. Shi ya sa ake cewa zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi. Sai dai wannan ladabi an gina shi ne a zaure da tsakar gida da gindin bishiya, inda iska ke kaɗawa, inda wanda ba ya son abin zai iya cewa bari in leƙa waje. Bismillah tana ba wa bakin mutum zaɓi, ya ci ko ya bari. Hancinsa kuwa ba ta tambaye shi ba. A cikin bas mutum 18 iska ɗaya suke shaƙa, gwiwar na baya a jikin kujerar na gaba, ba mai iya matsawa ko da taku ɗaya, kuma daga Kano zuwa Abuja tafiya ce ta sama da kilomita 400. Wanda ya ɓare ƙwai a nan ya ciyar da kowa ƙarninsa, da mai so da wanda ba ya so.

Abin ya fi tsanani idan tagogi a rufe suke, ko don ƙurar hunturu, ko don ruwan sama, ko don an kunna na'urar sanyi. Yawancin direbobi suna saita na'urar ne ta riƙa juya iskar cikin motar, don ta fi saurin sanyi kuma ta tare hayaƙin manyan motoci. To warin da ya shiga wannan iskar ba shi da hanyar fita, sai ya yi ta zagaye. Idan kuma taga a buɗe take, wata matsalar ce: mai barbaɗa yaji a gaba, na baya ne ke karɓarsa a ido da maƙogwaro.

Akwai dalilin da ya sa mai cin abin yake rantsewa cewa shi bai ji wani wari ba, kuma gaskiya yake faɗa. Hanci yana sabawa da warin da ya daɗe yana shaƙa cikin 'yan mintoci, sai ƙwaƙwalwa ta daina kula shi. Shi ya sa mai sayar da kifi ba ta jin ƙarnin rumfarta, kuma ba kya jin ƙamshin ɗakinki sai kin yi tafiya kin dawo. Ga shi kuma mai ci yana jin daɗin abin a harshe, yunwa ta ƙawata masa shi. Na kusa da shi ƙarnin kawai ya samu, babu daɗin. Don haka a wannan shari'a mai ci ba ya zama shaida.

Harshenmu ma ya nuna mun daɗe da sanin bambancin waɗannan abubuwa. Ba mu ce wa komai wari ba. Muna da ƙarni, muna da ƙauri, da hamami, da tsami, da ɗoyi, kowanne da mazauninsa. A aikin jinya wanda na ga ya fi saurin tayar da zuciya shi ne ƙarni, wato na ƙwai da kifi da ɗanyen nama. Shi ƙwai, farinsa yana ɗauke da sinadarin farar wuta. Idan aka daɗe ana tafasa shi, sai wannan sinadari ya fito a matsayin iska mai wari, irin wadda ake ji daga ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan zoben mai launin toka-toka ko kore-kore da kike gani a jikin gwaiduwa shaida ce ta an wuce da dahuwa. Ƙwan talla kuwa yawanci an tafasa shi da yawa a tukunya ɗaya tun da safe, ya wuni a faranti cikin rana. Duk wannan iskar tana tsare cikin ɓawo, sai an fasa ta fito gaba ɗaya. Shi ya sa ƙwai ɗaya ke cika mota.

Kifin teku da ake kawowa a ƙanƙara yana da nasa sinadarin da ke ƙaruwa gwargwadon daɗewarsa, kuma tsami ne ke karya shi, abin da iyayenmu suka sani tuntuni da suke wanke kifi da lemon tsami. Ɗanyar albasa da tafarnuwa sun fi su naci. Wani ɓangare na sinadarin tafarnuwa yana shiga jini ne ya riƙa fita ta numfashi da gumi, har washegari ma, kuma asuwaki ba ya kai wa gare shi domin ba a baki yake ba. Wanda ya ci tsire da ɗanyar albasa a tasha ya shigo mota, bai ci komai a ciki ba amma ya shigo da shi. Sai ki ƙara da abu biyu: abinci mai zafi ya fi mai sanyi tashi, domin tururi ne ke ɗaukar wari, kuma abinci mai maiƙo yana kama hannu da kujera, ya kwana a motar ya tarbi fasinjan gobe. Shinkafa da miya mai daddawa a cikin kula, idan aka buɗe ta da zafinta, babu wanda ke kujerar ƙarshe da ba zai san an buɗe ba.

Abin da ya faru da ke kuwa abu biyu ne suka haɗu. Yawancin masu juna biyu suna fama da tashin zuciya a watanni ukun farko, kuma wari yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi. Ita kuma mota tana da nata jirin: can cikin kunne akwai wurin da ke auna motsin jiki, idan abin da yake faɗa wa ƙwaƙwalwa ya saɓa da abin da ido ke gani, sai zuciya ta fara tashi. Mai laulayi a kujerar baya a kan hanya mai gargada dama a bakin gaɓa take, ƙarni ɗan turi kawai ya yi. Ba raki ba ne kuma ba iyayi ba ne, kuma haƙuri ba ya tsayar da amai. Ba ke kaɗai ba ce a wannan hali. Akwai mai asma da garin yaji ko ƙaƙƙarfan turare ke iya tayar masa da ciwo, akwai mai ciwon ɓarin kai, akwai wanda ya fito daga asibiti da magani mai sa tashin zuciya a jikinsa. Hanyar Abuja da ta Zariya cike suke da marasa lafiya masu zuwa ganin likita.

Wannan ne wurin da ya fi damuna, domin duk waɗannan ba a ganin su a fuska. Mace mai cikin wata biyu ba za ta buɗe baki a gaban maza ta ce ina da ciki ba, wani lokacin ko surukarta ba ta sani ba tukuna. Sai ta rufe hanci da mayafi ta yi ta haɗiyar yawu. Idan mai ci ya ce zai jira sai an yi ƙorafi kafin ya daina, to waɗanda suka fi cutuwa su ne waɗanda kunya ba za ta bar su su yi ƙorafin ba. Na taɓa ganin irinsa a ɗakin da nake aiki. 'Yan dubiya suka kawo wa 'yar uwarsu farfesun kifi da zafinsa, don ƙauna suka yi, suka buɗe a tsakiyar ɗaki. Matar gadon kusa kwana ɗaya da yi mata aiki a ciki, ta kama kakarin amai tana dafe da ɗinki tana hawaye, ba ta ce musu uffan ba. Tun daga ranar nake tarar masu kular abinci a bakin ƙofa in roƙe su su zuba a baranda ya huce tukuna.

Ni ba malama ba ce, amma abin da muka karanta tun a Islamiyya ya ishe mu a nan. A cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ci albasa ko tafarnuwa kada ya kusanci masallaci, domin mala'iku suna cutuwa da abin da 'yan Adam ke cutuwa da shi. Da Abu Ayyub al-Ansari ya tambaye shi ko tafarnuwa haramun ce, sai ya ce a'a, warinta ne ba ya so. Sayyidina Umar kuma ya faɗa a huɗubar Juma'a cewa wanda zai ci su ya kashe warinsu da dahuwa. Ki duba yadda aka raba abin: abincin halal ne, kuɗinka ne, amma inda za ka kai warinsa yana da iyaka. Masallaci yana da ƙofofi da tagogi, sallah ba ta wuce minti goma, kuma mun san falalar jam'i, duk da haka aka ce ya dakata. To ina ga akwatin ƙarfe da za a wuni a ciki? Hujjar da kuɗina na saya ba ta tsaya ba.

Sai dai ban yarda da masu cewa a hana ci a mota ɗungurungum ba. Hadisin Bukhari da Muslim ya kira tafiya yankin azaba, yana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa. Wanda ya fito tun asuba ya zauna a tashar Unguwa Uku awa biyu ana jiran mota ta cika, bai karya ba, yunwarsa gaskiya ce. Mai ciwon suga da ke kan allurar insulin, idan ya ji jikinsa na rawa yana haɗa gumi, dole ya sa wani abu mai zaƙi a baki nan take, jira na iya kai shi ga suma, kuma duk wanda ya ce masa ya bari sai an tsaya ya jefa shi cikin haɗari. Yaro ba ya jiran Kaduna. Sannan sau da yawa ƙwai da rogo da gyaɗa su ne abin da aljihun talaka zai iya, ba zai shiga gidan abinci a wurin tsayawa ba. Duk wannan a yi masa uzuri. Abin da ake nema a gare shi kaɗan ne: ya zaɓi abin da zai ci a ciki, ya bar sauran sai an tsaya. Kusan duk direban doguwar tafiya yana tsayawa sallah da cin abinci, ƙwan nan ba zai lalace kafin lokacin ba.

Kuma mun iya wannan karar, muna yin ta duk shekara. Da azumi matafiyi yana da sauƙin ajiye azumi ya rama, amma da wuya ki ga wanda ya buɗe kwano a mota da tsakar rana a gaban masu azumi. Yakan jira a tsaya ya raɓe gefe. Idan kuwa magariba ta riski mota a hanya, kowa ya buɗe jakarsa, dabino da ruwa da ƙosai suna yawo daga gaba zuwa baya, babu mai cewa wari ya dame shi, domin kowa yana ciki. Karar da muke yi wa mai azumi ita ce mai laulayi take nema a sauran watanni.

Wasu ƙasashen doka suka kafa. A Singafo an hana ci da sha a jirgin ƙasa na cikin gari, tarar tana kai dalar ƙasar 500, kuma akwai wani ɗan itace mai tsananin wari da ake kira duriyan wanda aka hana shiga da shi. Wannan ba zai yi mana ba, tafiyarsu ta mintoci ce. Tsarin Japan ya fi kusa da hankali: a jirgin cikin gari mutane ba sa ci, amma a jirgin doguwar tafiya ana ci, har a tasha ake sayar da abincin tafiya a ɗan akwati, kuma yawancinsa da sanyinsa ake cin sa. Jirginmu na Abuja zuwa Kaduna da ya fara aiki a 2016, daga Idu zuwa Rigasa, taragunsa a rufe suke da na'urar sanyi, don haka duk abin da na faɗa kan bas ya hau kansa. Haka ofis mai mutum biyar da ɗakin kwanan ɗalibai.

Maganar ƙarar cin abinci ba ta kai ta wari nauyi ba, domin ƙugin inji yana haɗiye yawancinta. Tana fitowa ne a tafiyar dare da kowa ke gyangyaɗi, ko a jirgi, ko a ofis. Taunar ƙuli-ƙuli da aya, tsotsar rake, fasa ƙashin kaza, zuƙar shayi, kuma sama da duka ƙas-ƙas ɗin cingam, wanda ba yunwa ce ta kawo shi ba balle a yi masa uzuri. Akwai mutanen da ƙarar tauna ke tayar musu da ɓacin rai na gaske wanda ba su da iko a kansa, masana sun sa wa abin suna misofoniya a 2001. Maganin yawancin wannan shi ne abin da kakanninmu suka faɗa: a rufe baki idan ana tauna, a rage loma. Gyatsa ma haka, Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya yi gyatsa a gaban Manzon Allah (SAW) sai ya ce masa ya kame musu gyatsarsa. Rake kam a bar shi sai an sauka, domin bayan ƙarar ga tuƙa ga ƙuda. Duk mai ci a mota ya riƙe ledarsa ta zuba ɓawo, ya ɗaure bakinta, kada ya tura ƙarƙashin kujera kuma kada ya wurga ta taga.

Yanzu ga ɓangarenki. Yadda aka yi magana yana da rabin sakamako. Idan aka ce wa namiji a gaban jama'a abincinka yana wari, abin da kunnensa ya ji shi ne kai ƙazami ne, daga nan kuma mutuncinsa yake karewa ba ƙwai ba. Ki ɗora abin a kanki, da murya ƙasa-ƙasa: Malam, don Allah ka taimaka mini, ba ni da lafiya, ƙarnin ƙwai yana sa ni amai, ko za ka bari sai mun tsaya? Idan ya manyanta ki ce Baba. Ba sai kin ambaci ciki ba. Idan akwai dattijuwa kusa da ke, ki raɗa mata, ita za ta ce ɗana yi haƙuri ka rufe, yarinyar nan ba ta jin daɗi, kuma da wuya ya musa mata. In ya ƙi, ki yi wa direba magana, shi ne mai motar kuma shi ne zai wanke ta. Abin da ba na so shi ne tsaki da toshe hanci da yatsine, musamman idan abincin na wata ƙabila ne. Motar Abuja kowa da kowa take ɗauka, kuma abin da ke tayar miki da zuciya wani da shi uwarsa ta raine shi, kamar yadda daddawarmu da man shanunmu suke damun wasu. An ci naman damo a gaban Manzon Allah (SAW), bai ci ba, ya ce ba haramun ba ne, ba a saba da shi ba ne a ƙasar mutanensa. Bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Laifi tudu ne, don haka mu mata mu duba namu. Humra da turaren wuta da aka turara tufafi da su kafin a fito suna cika mota kamar yadda ƙwai yake cika ta, kuma na ga masu asma da masu laulayi da turare ya fi kifi wahalar da su. Ranar tafiya a sassauta.

Abin da za ki ci kuwa, kada ki fito da ciki wayam, domin yunwa tana ƙara laulayi, kuma kada ki cika shi da maiƙo. Ki karya da abu mara nauyi kamar awa ɗaya kafin ki fita. A jaka ki sa busasshen biskit, burodi, dabino, ayaba, da gorar ruwa, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan kina kurɓar ruwa, kada ki jira yunwa ta kama ki. Citta tana rage tashin zuciya ga mata da yawa, ko 'yar ƙarama ki riƙa tsotsa ko alewarta. Ki riƙe lemon tsami guda, idan wani wari ya taso ki ɗan kankare bayansa da farce ki shinshina. Dafaffen abincin talla da ba ki san tun yaushe yake a rana ba ki bar shi, Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba kuma ba a firiji ba, ga ki kuma da ciki. Ki je tasha da wuri ki kama gidan gaba ko gefen taga a layin farko, ko da za ki ƙara wani abu, ki riƙa kallon hanya can nesa, ki ajiye waya. Leda biyu da ɗan tsumma su kasance a hannunki ba a but ɗin mota ba. Idan kuma aman ya kai ko ruwa ba ya zama a cikinki, ko fitsarinki ya ragu ya yi duhu, ko kina ganin jiri idan kin miƙe, wannan ya wuce maganar mota: ki je wurin awo kafin tafiya ta gaba, akwai magungunan da likita zai ba ki waɗanda ba sa cutar da ciki.